Injin lanƙwasa ƙarfe da na haɗa, da tsakiyar da ta ƙi zama

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban injin lanƙwasa fallen ƙarfe na hannu ya san ba wani abin a zo a gani a jikinsa. Dogayen ƙarafa uku ne: gadon da ake shimfiɗa falle a kai, madannin da ke danne shi, sai fiffiken da ake ɗagawa ya tura ƙarfen sama. Hinji biyu a gefe, hannu biyu, shi ke nan. Wannan sauƙin ne ke sa mai walda ya ce shi ma zai haɗa nasa, kuma zai iya. Ni ma na haɗa ƙarami mai tsawon santimita 60 da angul, wato ƙarfe mai siffar L, mai faɗin milimita 50 kowane gefe, kaurinsa milimita 5, ya daɗe yana lanƙwasa mini falle mai milimita 1 ban taɓa jin kansa ba. Rigimar ta taso ne da aiki ya shigo na dogayen murafai, a falle mai milimita 1.5, wanda ake ce wa geji 16, ya zama dole in yi mai santimita 120.

Zane-zanen da ke yawo a hannun mutane kusan duk na gajeren inji ne, kuma in ka tambaya yaya za a yi babba, amsar ɗaya ce: ƙara tsawo kawai. Har gobe in na ji wannan magana sai raina ya sosu. Na ƙara tsawon, da angul iri ɗaya, na kifa shi a matsayin madanni yadda aka saba, kusurwarsa na kallon sama. Da na gama na ɗauko guntayen falle masu faɗin tafin hannu na gwada a dama, na gwada a hagu, na gwada a tsakiya. Kowanne ya fito digiri 90 cif, sikwaya, abin auna kusurwa, ta zauna a kansa ba ko haske. A kan wannan shaidar na yanka fallayen aikin gaba ɗaya.

Da na sa na farko mai cikakken tsawo, tun a hannu na ji bambanci. Fiffiken ya yi nauyi, sannan ya riƙa tafiya da wani irin taushi, kana ja yana biyo ka amma ba ka jin lokacin da ƙarfen ya karye ya miƙa wuya. Na cire murfin na ɗora sikwaya a bakin dama, daidai. Bakin hagu, daidai. Na zame ta zuwa tsakiya sai ga rata a saman leɓen da aka lanƙwasa, wadda fensir zai shige ta ya yi wasa. Kusurwar da ta fito da kaifi a gefe biyu ta zama mulmulalliya a tsakiya, layin da na ja da allurar zane kuma ya gudu daga inda na aje shi, domin fallen ya zame daga ƙarƙashin madanni. Da na aje murfin a ƙasa mai laushi na hango shi ta tsawonsa, ya yi baka. Na ce ko fallen ne, na sa wani. Haka ya fito, har wurin da ya buɗe bai sauya ba.

Abin takaici, lanƙwasa ba ta komawa. In ka miƙar da ita tabo ya zauna, wurin ya ƙara tauri, kuma in falle mai rufin tutiya ne rufin yana iya tsattsagewa a layin. Waɗannan murafai guntaye suka koma.

Guntun falle ƙarya yake yi maka, kuma dalilin a fili yake in ka zauna ka duba. Ƙarfin da ake buƙata don lanƙwasa falle yana tafiya ne da tsawon layin da ake lanƙwasawa. Guntu mai santimita 10 kashi ɗaya cikin goma sha biyu yake nema na abin da mai santimita 120 zai nema, don haka injin bai ma san an sa masa kaya ba. Wani dattijo da ya daɗe a aikin ƙarfe ne ya nuna mini abin da idona. Ya ce, “Yaro, ja zare daga wannan kai zuwa wancan a bayan madannin, sannan ka ɗaga.” Na ce, “Baba, ai na auna shi, a miƙe yake.” Ya ce a miƙe yake da ba kaya. Na ja zaren, na sa falle, na ɗaga fiffike a hankali, ina kallo tsakiyar madannin ta taso ta ture zaren sama, dattijon ya zura ruwan zarto ta ƙarƙashin madannin ya shige salin-alin. Da na saki hannu komai ya koma daidai kamar ba a yi ba. Shi ya sa duk awon da za ka yi wa inji yana zaune ba zai gaya maka komai ba.

Lissafin da ke bayan wannan shi ne ya fi ba ni tsoro da na gane shi. Sandar da aka riƙe ta kai biyu, aka baza mata kaya a duk tsawonta, in ka ninka tsawon sau biyu lotsawar tsakiyarta ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau 16 ne. Kaurin falle kuma nasa lissafin daban: ƙarfin da yake nema yana tafiya da kaurin a ninke cikin kansa, wato daga milimita 1 zuwa 1.5 ya zama sau 2.25, daga 1 zuwa 2 ya zama sau huɗu. Haɗa 16 da 2.25 ka samu sau 36. Ke nan in tsohon injina yana ɗagawa kashi ɗaya cikin goma na milimita, abin da ido ba ya gani, sabon zai ɗaga sama da milimita uku da rabi. Falle mai milimita 1.5 ake son a danne, madanni kuma ya tashi fiye da ninki biyu na kaurinsa. Ina dannewa a nan?

Shawarar da ta fi yawa da na samu a lokacin ita ce in nemo ƙarfe mai ƙarfi, wasu suka ce in samo irin na sifirin mota, wasu suka ce a gasa a tsoma a mai. Wannan ma tana cikin abubuwan da ke ba ni haushi, don da na bi ta da na sake yin wata asarar. Ƙarfen da aka gasa ya yi tauri yana jure kaya mai yawa kafin ya lanƙwashe ya zauna a haka, gaskiya ne. Amma yawan lotsawar da zai yi ya dawo, kusan ɗaya ce da ta baƙin ƙarfe na gama-gari. Ma'aunin da injiniyoyi ke amfani da shi a nan yana wajen gigafaskal 200 ga kusan kowane irin ƙarfe, mai araha da mai tsada, alminiyam kuma wajen 70, kashi ɗaya cikin uku. Madannina bai taɓa lanƙwashewa ya zauna ba, lotsawa yake ya dawo, don haka sauya irin ƙarfe ba zai taɓa masa komai ba.

Siffa ce ke magani, musamman tsayin sandar ta fuskar da kaya ke turo ta. Ɗauki ƙarfe mai faɗin milimita 50 da kaurin 10. In ka kwantar da shi ka taka tsakiya zai lotsa. Tsayar da shi a kan gefensa, ƙarfen nan dai, nauyin nan dai, juriyarsa ta ninka sau 25. Ninka tsayi sau biyu yana ba ka sau takwas. Angul ɗin da muke kifawa kuwa, tsayinsa a haka bai wuce milimita 35 da ɗoriya ba, kuma wannan ce fuskar da ya fi rauni. Ana kifa shi ne don gefensa mai digiri 45 ya ba fiffike hanyar wucewa, ba don ƙarfi ba.

Na ɗora masa fayif mai kusurwa huɗu, dogo a tsaye, a bayansa. A nan walda ta so ta sake kwance mini aiki, domin dogon ɗinki in ya huce yana tsukewa ya ja sandar zuwa ɓangarensa, ka tashi da madannin da ya karkace tun kafin a sa masa falle. Sai gajerun ɗinki na santimita uku-uku, ana tsallakawa, wannan gefe sannan wancan, daga tsakiya zuwa waje, ana bari ya huce, zaren nan kuma yana ja a wurin ana dubawa. Bayan haka na yi abin da za ka gani a bayan injinan masana'anta, wanda da nake ɗauka ado ne: rodi da aka kama a kai biyu, ya hau kan ɗan ginshiƙi a tsakiya, da noti da ake ɗaurewa. In ka ɗaure notin, ginshiƙin yana danna tsakiyar madanni ƙasa tun kafin aiki, falle ya zo ya tura shi sama, su haɗu a miƙe. Ginshiƙin in ya fi tsayi ya fi aiki. In ka zarce wajen ɗaurewa kuma tsakiyar ce za ta fi gefe rufewa, don haka kowane kauri da nasa zama. Na sa ɗigon fenti a kan notin don milimita 1 da 1.5.

Da na gyara madanni sai ragowar laifin ya fito a fiffike. Shi ma sanda ce da aka riƙe kai biyu, dokar nan ta sau 16 tana kansa. Ga kuma murɗewa: in ka ja hannu ɗaya, angul yana murɗewa, ɓangaren da kake ya riga ɗayan isa. Fayif rufaffe ya fi angul jure murɗa nesa ba kusa ba, shi na ƙara masa a ƙasa, na haɗe hannayen biyu da sanda guda yadda ja zai rabu daidai.

Sauran abubuwan ba su wahalar da ni ba, amma sai an kiyaye. Tsakiyar ƙusar hinji dole ta faɗo a kan layin da saman gado da bakin fiffike suka haɗu, in ta yi ƙasa ko baya fiffiken zai riƙa goge falle ko ya cije. Rodi ɗaya miƙaƙƙe da aka zura ta hinjin biyu kafin a ɗiga walda ya isa. Madanni kuma yana son ramuka masu tsawo, don a ja shi baya da aƙalla kaurin falle, in ba haka ba ko ƙarfen ya tsage ko hinji ya ci wuya. Sannan ƙarfe yana ɗan dawowa in an sake shi, baƙin ƙarfe digiri ɗaya zuwa uku, wanda ba ya tsatsa fiye da haka, sai ka wuce 90 kaɗan kafin ka samu 90. Wajen yanka kuma kada a manta lanƙwasa tana ba da tsawo. A falle mai milimita 1.5 da kusurwar ciki mai zagayen milimita 1.5, in ka haɗa awon waje na ɓangarori biyu sai ka rage wajen milimita 2.7 a kowace lanƙwasa. Wannan kam guntu yana iya gaya maka gaskiyarsa: auna, lanƙwasa, sake aunawa.

Amma batun ko inji zai riƙe, guntu ba shi da ta cewa. Yanzu kowane sabon kauri, sai na sadaukar da tsiri mai cikakken tsawon injin, ko da faɗinsa santimita 8 ne kawai, na lanƙwasa shi na bi da sikwaya daga kai zuwa kai kafin almakashi ya taɓa fallen aiki. Tsirin nan bai kai komai ba in aka kwatanta da murafan da suka tafi. Milimita 2 kuwa ba na sa shi a cikakken tsawo, sai rabi, kuma a tsakiyar gado ba a gefe ɗaya ba. Wani ya zo kwanaki yana so in yi masa mai santimita 240 da irin kayan ƙaramin, wai ai ya ga zanen. Na ce masa sau 256 ke nan a kan na santimita 60, ya dube ni kamar ina neman ƙara masa kuɗi.

Abin da ya rage mini shi ne hancin madanni, wato bakinsa na gaba da falle ke lanƙwashewa a kai. Baƙin ƙarfe ne mai taushi, ya fara dakushewa a inda na fi sa ƙananan aiki, kuma kusurwa tana fitowa da faɗi a wurin. Nan ne kaɗai ƙarfe mai tauri yake da amfani a injin gaba ɗaya: tsiri siriri da za a ɗaure da noti, a iya cire shi a wasa bakinsa ko a sauya shi. Na riga na huda ramukan, tazarar santimita 15 tsakaninsu.