Kibiya Ɗaya a Watan Nuwamba

Na gama sakandare a Kano a 2023, kuma tun kafin sakamakon WAEC ya fito na riga na cika bangon littafin kemistirina da sunayen jami'o'in Amurka, har goma sha huɗu. A wata lacca ta intanet da ofishin EducationUSA na Abuja, mai ba ɗalibai shawara kan karatu a Amurka, ya shirya ne na fara jin cewa a zagayen farko kusan guda ɗaya ce tak za a bar ni in nema a cikinsu. Ji na yi kamar an miƙo mini kibiya ɗaya an ce ga daji nan.

Manyan jami'o'in can zagaye biyu suke yi. Babban zagayen ana rufe shi a farkon Janairu, amsa ta fito a ƙarshen Maris, ɗalibi kuma yana da har 1 ga Mayu ya zaɓi inda za shi. Sai kuma na sammako: a miƙa takardu 1 ga Nuwamba, a ji amsa tsakiyar Disamba. Sammakon ne ke da ƙulli. Akwai mai ɗauri, wanda suke taƙaitawa da ED, irin na Columbia da Penn da Brown da Cornell da Dartmouth da Amherst: idan sun ɗauke ki, shi ke nan, dole ki tafi, ki janye duk wata takarda da kika tura wani wuri. Akwai mai togaciya, irin na Harvard da Yale da Princeton da Stanford: ba su ɗaure ki ba, amma sun hana ki yin sammako a wata jami'ar da ba ta gwamnati ba a cikin Amurka. MIT ce ke barin mutum sakaka, ba ɗauri ba togaciya.

Abba sunan jami'a ɗaya ya sani a Amurka. "Mamana, in za a yi, a yi mai dalili. Ki nemi Harvard ɗin kawai." Ni ma zuciyata tana can, ba zan ɓoye ba. Na kuma samu hujjar da zan kare son zuciyar: alƙaluma sun nuna cewa kason da ake ɗauka a sammako ya ninka na babban zagaye, a jami'ar da a lokacin ba ta ɗaukar ko huɗu cikin ɗari na masu nema. Na yi kusan mako biyu ina rarraba lambobi a takarda kamar mai lissafin gado.

Abin da lambobin ba su faɗa ba shi ne su wane ne ke cikin wannan kason. 'Yan wasan da kociyoyi suka riga suka zaɓa tun bazara a zagayen sammako suke shigowa. Haka 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, a jami'o'in da har yanzu suke ba su fifiko. Haka yaran da makarantunsu suka shirya su tun suna aji uku. In kina sammako, wani a tafe ya kwana. Idan aka cire waɗannan, tazarar da ta rage wa yarinya daga Kano ba ta kai yadda take ɗaukar ido ba. Akwai ta, musamman a mai ɗauri, domin jami'a tana son ɗalibin da ta tabbata zai zo. Amma ba ta mayar da takarda mai rauni ta zama mai ƙarfi.

Umma kuma Columbia take so, dalilinta ɗaya: Kawu yana Bronx, a birnin New York da Columbia take, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, har da Hausawan Gana da Nijar, ga masallatai ga abincin gida. "Ko zazzaɓi kika yi akwai mai duba ki," in ji ta. Na fara rubuta amsoshin tambayoyin Columbia, har na yi nisa, kafin in karanta shafinsu na tallafin karatu a tsanake. A nan ne lissafina ya juye gaba ɗaya.

Kuɗin shekara ɗaya a irin waɗannan jami'o'i, da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. A watan Oktoba na 2023 dala ta wuce naira dubu a kasuwar canji. Ko an sayar da shagon Abba da abin da ke ciki ba zai biya shekara guda ba. Wato ni cikakken tallafi nake buƙata, ba ragi ba. To yawancin jami'o'in, har da Columbia da Penn da Cornell da Stanford, idan ɗalibi ɗan ƙasar waje ne suna duba yawan tallafin da yake nema a lokacin da suke yanke shawarar ɗaukarsa. Suna ɗaukar talakawa, suna kuma biya musu, amma neman kuɗin yana cikin abin da ake ɗorawa a sikeli. Waɗanda na tabbatar ba sa leƙa aljihun baƙo, kuma suna cike masa duk abin da ya gaza, bakwai ne a shekarar: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, Bowdoin da Dartmouth. Dartmouth a farkon 2022 ta shigo sahun, bayan wani da bai bayyana sunansa ba ya ba ta kyautar dala miliyan 40. Brown ta biyo baya, amma sai ga waɗanda suka shiga a 2025, ban samu wannan ba.

Da da wannan na fara, da na huta da wahalar wata guda. Goma sha huɗu suka koma bakwai a zama ɗaya.

Sauran tacewar ba ta ɗau lokaci ba. Injiniya nake son karantawa, Amherst da Bowdoin ba su da sashen nasu. MIT ta dawo da sharaɗin jarrabawar SAT tun 2022, kuma yawancin waɗanda take ɗauka makinsu na lissafi yana bakin 800, wanda shi ne iyakar makin. Nawa 750 ne, jimla 1490. Harvard da Yale na ajiye su sai Janairu, domin da na tambayi kaina me nake so a cikinsu ban da sunan, ban samu amsar da za ta cika layi uku ba. Wannan tambayar ba ta wasa ba ce, tunda jami'o'i da yawa suna sa mutum ya rubuta dalilin da ya sa ya zaɓe su, kuma mai karantawa yana gane wanda ya kwafo daga shafinsu.

Aka bar ni da Princeton da Dartmouth. Princeton ba ta ɗaure mutum, amma ƙofarta ta fi ƙunci. Dartmouth tana ɗaurewa, tana wani ɗan gari da ake kira Hanover a jihar New Hampshire, bakin kogin Connecticut, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni. Ɗalibanta na digirin farko ba su kai dubu biyar ba, shekararsu zango huɗu ce mai mako goma-goma, kuma cikakken digirin injiniya a makarantarsu ta Thayer yakan ci ƙarin zango, wani lokaci har shekara ta biyar. Na san duk wannan, na kuma ga zan iya zama da shi. Abin da ya ja ni shi ne ƙanƙantar azuzuwan. Na taso a ajin mutum saba'in, na san yadda ake ɓacewa a cikin taro.

Takardar alkawarin ED mutum uku ke sa mata hannu: ɗalibi, mahaifi, da malamin ba da shawara na makaranta. Na kai wa Abba bayan sallar isha'i, yana zaune a tabarma da littafin bashin shago. Na fassara masa layi-layi. Ya cire tabarau.

"Wato kin ce kin saya tun ba a faɗa miki kuɗin kaya ba?"

"Za su faɗa, Abba, tare da amsar. In tallafin bai isa ba ana iya warware alkawarin."

"Amma ba za ki zaga kasuwa ki ji na wasu ba."

Shekara talatin yana sayar da atamfa a Kantin Kwari, cikin minti biyu ya gano abin da ya ɗauke ni wata guda. Illar ɗaurin ke nan ga mai neman tallafi: ba ki da tayi biyu da za ki ajiye gefe da gefe. Na ce masa shi ya sa ban yarda in ɗaure kaina ba sai a inda suka rubuta ƙarara cewa suna cike duk abin da iyali suka gaza. Ya yi shiru, ya ce in bari ya yi istihara. Kwana uku bayan nan ya sa hannu.

Hannu na uku ne ya kusa kayar da ni. Makarantarmu ba ta da malamin ba da shawara, mataimakin shugaba ne ya karɓi aikin, kuma saƙon Common App, shafin da ake tura takardun neman ta cikinsa, ya tafi wani imel ɗinsa da ya manta lambar sirrinsa. Saura kwana shida na gane. Na je ofishinsa da kwamfutar yayana da data a wayata, muka zauna har la'asar, ina karanta tambaya yana faɗar amsa. Fom ɗin tallafi na CSS Profile kuma yana neman kuɗin shigar iyali na shekara, alhali na Abba yana cikin littafi mai bangon kwali, rabi da boko rabi da ajami. Dare biyu muka yi muna tarawa. Dala 25 ta fom ɗin Kawu ne ya biya daga can, domin katin naira ba ya aiki a waje a lokacin. Wanda zai yi sammako daga nan, ranar rufewarsa ta gaskiya tsakiyar Oktoba ce.

Dartmouth tana son wasiƙar shaida daga aboki ko ɗan'uwa, ba malamai kaɗai ba. Aminiyata ce ta rubuta mini. Ita ma ta yi nata sammakon a wata babbar jami'a, ta kuma tsaya cak tana jiran Disamba. Amsarta ta zo ba e ba a'a: sun mayar da takardarta babban zagaye. Saura mata mako biyu ta rubuta wa jami'o'i tara, tana yi tana kuka. Ba a fafa gora ranar tafiya. Ni tsoro ne ya cece ni daga wannan, ba wayo ba. Duk Nuwamba ina rubutun Janairu saboda na ɗauka ba za a ɗauke ni ba.

Tawa amsar da dare ta zo, babu wuta, Umma tana haska mini allon da fitilar waya kamar allon ba shi da haske. Sun ɗauke ni. Na ƙi yin murna sai da na ga takardar tallafin na kai wa Abba. Ya duba abin da aka ce iyali su kawo, ya juya shi zuwa naira a ka, ya ce, "Wannan za a iya."

Rubutun da na yi wa Princeton yana nan a kwamfuta, ban taɓa tura shi ba, kuma wani lokaci cikin sanyin Fabrairu nakan buɗe shi in karanta. Abba kuwa, in abokan kasuwa suka tambaye shi inda nake, cewa yake, "Tana can kusa da Harvard." Tafiyar fiye da awa biyu ce a mota. Na daina gyara masa.