Tauraro uku na ɗan Yaya

Shagon askin da nake zuwa a Kolambos, a jihar Ohayo ta Amurka, yana da kujeru huɗu, talabijin biyu, da wani farin allo a bango wanda ba kuɗin aski ake rubutawa a kai ba. Sunayen yara ake rubutawa. 'Yan sakandare ne, masu shekara 16 zuwa 18, masu buga zari-rugar Amurka da jami'o'i ke zawarci, wani a Fulorida, wani a Jojiya, wani a Tekzas, kuma a cikinmu babu wanda ya taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido. Gefen kowane suna akwai taurari, huɗu ko biyar. Yaron da ya ba da baki cewa Jami'ar Jihar Ohayo zai zo, mai shago ya zagaye sunansa da jan alƙalami. Wanda ya sauya ra'ayi, a goge shi da tsumma, a raka shi da baƙar magana.

Na daɗe ina cikin masu baƙar maganar, kuma ban kasance a sahun baya ba.

Wanda bai zauna a Amurka ba zai yi mamakin yadda ake ɗaukar zari-rugar jami'o'i a nan. Filin wasanmu na Jami'ar Jihar Ohayo yana cin mutum sama da 100,000, kuma cika yake yi. A makon da za a kara da Jami'ar Mishigan, har harafin farko na sunan abokan gabar ake bi ana liƙe wa jan salatif a allunan cikin jami'a. Sai dai kakar gajeriya ce: wasa 12, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, sai ɗan abin da ya biyo baya in ƙungiya ta yi ƙoƙari. To sauran watannin me bakin magoya baya zai tauna? Zawarcin yara. Shi ne hirar wurin aiki, shi ne abin da ake bugo wa gidajen rediyo waya a kai, shi ne gardamar da ake yi a bayan motoci ana gashin nama kafin a shiga fili.

Taurarin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Kamfanoni ne irin su 247Sports, Rivals, On3 da ESPN suke aika mutanensu su kalli wasanni da sansanonin gwaji, su auna tsawo da nauyi da gudun yadi 40, sannan su yanka wa yaro daraja. 247Sports yara 32 kacal take ba tauraro biyar a ƙarshen kowace shekara, daidai da adadin waɗanda ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwararru, suke ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa. Daga nan sai koci-koci su shiga layi. Jami'a ɗaya takan yi wa ɗaruruwan yara tayin gurbin karatu kyauta, alhali wurin da take da shi bai wuce na mutum 25 ko kusa da haka ba. Tayin baki ne, amsar yaro ma ta baki ce. Baiko ke nan, kowa na iya fasawa. Ɗaurin aure sai ranar sa hannu, wadda a da Larabar farko ta Fabrairu ce kaɗai, kafin a ƙaro wata a Disamba tun daga 2017.

Wanda na fi zagi a rayuwata ta goyon baya shi ne Quinn Ewers. Mai jefa ƙwallo ne daga Tekzas, wanda aka ce babu kamarsa a tsaransa. Ya fara yi wa Jami'ar Tekzas alkawari, ya fasa, ya ce mu zai zo. Ranar mai shago har rangwame ya yi wa masu aski. A watan Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a karɓar kuɗin talla da sunansu, dokar jiharsa kuwa ba ta yarda ɗan sakandare ya karɓa ba, sai ya bar shekararsa ta ƙarshe ya taho Kolambos a Agusta. Sau biyu kacal aka miƙa masa ƙwallo a duk kakar. Disamba na yi ya tattara ya koma Tekzas. Na kira shi maci amana, na kira shi ɗan ci-rani, na ce kuɗi ya zo kwasa. Ina faɗi ana tafa mini.

Duk wannan lokacin akwai wani yaro da yake girma a gidan yayata, yana cin abincin mutum uku. Tun yana aji tara kocin makarantarsu ya gan shi a layin cin abinci ya ja shi fili. Ya sa shi cikin ƙattin gaba, masu yi wa mai jefa ƙwallo katanga, aikin da ba a ambaton sunanka sai ranar da ka yi kuskure. Yaya ba ta so ba, tsoron bugun kai take yi, kuma tana da gaskiya. Ni na lallashe ta. Da ya kai ajin ƙarshe tsawonsa ƙafa shida da inci huɗu, nauyinsa fam 285, aka ba shi tauraro uku.

Tauraro uku a allon shagonmu ba ya samun wuri. Abin da muke cewa "cikon benci" ke nan.

Amma a gidan Yaya tauraro ukun nan ya kawo baƙi. Wani mataimakin koci daga wata babbar jami'a a wata jiha, ba zan kama suna ba, ya zo har falo. Na ga yadda ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, na ga yadda ya tsaya gaban hoton marigayi mijinta ya tambayi ko wane ne. Ya ce wa Yaya, "Ki ba ni ɗanki shekara huɗu, zan dawo miki da magidanci mai digiri." Suka gayyace su ziyarar kwana biyu, jami'a ta biya jirgi da otal, aka sa wa yaro rigar ƙungiya aka ɗauke shi hoto. Ya dawo ya ba da baki a watan Yuni. Sauran makarantun da suke nemansa ya buga musu waya ɗaya bayan ɗaya ya ba su haƙuri, don Yaya ta ce ba a barin mutum a tsaye a ƙofa.

A Nuwamba wayar ta fara yin shiru. Kocin da yake kira kowace Lahadi ya koma aiko da saƙo, daga baya saƙon ma ya ɗauke. Saura kwana tara a sa hannun ranar 4 ga Disambar 2024, wani wanda ba mu taɓa jin sunansa ba ya kira ya ce "lissafin gurabe ya canza", gara yaro ya duba wani wuri. Abin da ya faru ba boyayye ba ne. Tun da aka buɗe ƙofar sauya sheƙa daga wata jami'a zuwa wata a 2018, aka kuma daina tilasta wa mai sauyawa zaman shekara guda a 2021, koci da kujerarsa ke rawa ya fi son ɗan shekara 22 da ya riga ya goge a wata jami'a, a kan ɗan 17 da sai an yi shekara biyu ana ciyar da shi kafin ya yi amfani. Ba su karya wata doka ba. Baiko ne, sun fasa.

Abin da ya fi ci mini rai ba wannan ba ne. Washegari labari ya fita cewa yaron "ya janye alkawarinsa", haka ake rubutawa don a rufa wa kowa asiri. Magoya bayan waccan jami'a suka yi masa ca. Wani ya aiko masa cewa dama ƙafafunsa nauyi gare su, wani ya ce matsoraci ne mai gudun gasa, wani ya ce an ba shi kuɗi a wani wuri. Yaya ta miƙo mini wayar a kicin, hannunta da kumfar wanke-wanke, ta ce, "Karanta mini wannan, wai me ɗana ya yi musu?" Na karanta, na gane kowace kalma, don irin tawa ce.

Abokai a shago sun yi ta ba ni baki da labaran da aka saba, na 'yan wasan da aka raina suna yara suka zo suka yi suna. J.J. Watt tauraro biyu aka ba shi, har kai wa mutane fiza ya yi kafin Jami'ar Wiskonsin ta san da shi. Josh Allen babu babbar jami'ar da ta kula shi, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji ya kai Wayomin. Stetson Bennett ba da gurbi ya shiga Jojiya ba, ya ci musu kofin ƙasa biyu a jere. Zakaran da Allah ya nufa da cara, in ji mu. Duk gaskiya ne, amma ni ban yarda da masu cewa taurari shirme ba ne. Ana haddace sunayen nan ne saboda ba su da yawa. Jeremiah Smith, wanda aka sa a gaban kowa a ajin 2024, wanda takardarsa ta ƙi isowa ranar sa hannu sai da dare har Kolambos ta kasa cin abinci, ya zo ƙungiyarmu ya nuna cewa masu awon sun san aikinsu. Matsalata ba da awon ba ce. Da abin da awon yake mayar da mu ne, mu da muke zaune da furfura muna taya yaron wani kamar rago a kara.

Ranar 10 ga Janairun 2025 muka kalli wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa tare da ɗan Yaya a falona, Ohayo da Tekzas. Har lokacin ba shi da makaranta. Ana gab da tashi, Tekzas na gab da ci a bakin layinmu, ɗan wasanmu Jack Sawyer, ɗan Pikerinton nan kusa da mu, wanda suka taɓa zama ɗaki ɗaya da Ewers, ya banke shi, ƙwallo ta suɓuce, ya sure ta ya zura yadi 83. Na yi tsalle har na zubar da shayi, ina ihu ina cewa alhaki ne, alhakin Kolambos ne ya kama Ewers. Da na juyo, yaron yana zaune bai motsa ba.

Ya ce, "Kawu, lokacin da ya bar nan shekararsa nawa?"

Na ce 18.

Ya ce, "To." Ya ci gaba da kallo.

Ya sa hannu ranar 5 ga Fabrairu, a ɗakin motsa jiki na makarantarsu, kan wani tebur mai naɗewa. Manyan yara sukan jera huluna uku ko huɗu na jami'o'i, su yi ta wasa da hankalin jama'a kafin su ɗauki ɗaya. Travis Hunter a 2021 jifa ya yi da hulunan, ya bar Jami'ar Jihar Fulorida ya bi koci Deion Sanders zuwa ƙaramar jami'ar Jackson State, duk ƙasar ta ɗauka. Namu hula ɗaya ce a gabansa, ta wata ƙaramar jami'a daga cikin waɗanda ake sa wa wasa daren Talata a sanyin Nuwamba don talabijin ta samu abin nunawa. Karatu kyauta ne, ɗaki da abinci kyauta, tafiyar awa biyu a mota daga gidan uwarsa. Yaya ta yi kuka, ta ce dama ita jirgin nan bai kwanta mata ba.

Na je wasansu ɗaya. Filin ko rabi bai cika ba, iska na yanka kunne, shi kuma bai shiga ba, yana tsaye a gefe cikin doguwar riga yana riƙe da hular kwano. Na ɗauke shi hoto ya fi 30.

Makon jiya na koma aski. An wanke allo, an fara sabon jeri, har da wani ɗan aji goma da aka ce hannunsa kamar majajjawa. Mai shago ya ɗaura mini ƙyalle a wuya, ya ce wai Mishigan ma na nemansa. Na yi niyyar yin shiru. Injin aski bai kai bayan kunnena ba na ji bakina yana tambaya, tauraro nawa gare shi?