Sauƙin ciwon damuwa daban, gushewar tunanin kashe kai daban

Darasin da aikin lafiyar ƙwaƙwalwa ke koyarwa da wuri shi ne, tunanin kashe kai ba ya sauka a hankali kamar zazzaɓi bayan an sha magani. A wurin yawancin masu ciwon damuwa yana raguwa idan jinya ta kankama. Amma akwai wanda barci ya dawo masa, abinci na shiga, fuska ta saki, tunanin kuwa yana nan daram. Wani nasa hawa da sauka yake yi cikin yini ɗaya, da safe lafiya lau, da dare ya taso. Don haka idan aka tambayi mutum ko yana da tunanin, "a'a" ta ranar Litinin ba ta zama hujja ranar Alhamis.

Takardar PHQ-9, wadda ake auna tsananin ciwon damuwa da ita, tambaya tara ce, ta ƙarshen ita ce ta wannan tunani. Kuskuren da ake yawan yi shi ne duba jimillar maki kawai. Maki na iya faɗowa daga 20 zuwa 9 alhali amsa ta tara ba ta motsa ba. A dube ta ita kaɗai, sannan a tambaya baki da baki: fatan mutuwa ne kawai, ko akwai niyya? An yi shiri? Tambayar ba ta dasa wa kowa tunanin, da yawa ma nan suke samun damar buɗe baki.

Makonnin farko na magani sun fi bukatar sa ido. Maganin kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, illarsa kuwa tana riga amfaninsa zuwa. Magunguna irin su fluoxetine da sertraline kan jawo wa wasu rashin natsuwa: mutum ya kasa zama, yana ta kai da komo a ɗaki, ƙafa ba ta tsayawa. Sau da yawa a ɗauka damuwar ce ta ƙaru, a ƙara magani, abin ya daɗa tsananta. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa a rubuta gargaɗi cewa magungunan ciwon damuwa na iya ƙara tunanin kashe kai ga yara da matasa, a 2007 ta faɗaɗa shi zuwa masu shekara 24. Shi ya sa matashi, ko duk wanda ke da tunanin tun farko, ya kamata a sake ganinsa cikin mako guda, haka ma duk lokacin da aka canza yawan maganin. Gargaɗin bai ce a daina sha ba. A koma wurin likita da gaggawa.

Lokaci na biyu mai haɗari shi ne bayan sallama daga asibiti, musamman makonnin farko. Dangi sun saki jiki, mara lafiyar kuwa ya koma ya tarar da bashi ko rikicin da ya bari. A Ingila ƙa'idar ita ce a tuntuɓe shi cikin awa 72.

Abin da ke aiki a hannu ba shi da wuya. A bayar da magani kaɗan-kaɗan, na mako ɗaya ko biyu, amintaccen ɗan'uwa ya riƙe shi. A kawar da abubuwa masu haɗari daga gida, domin tsananin tunanin yakan wuce idan aka samu jinkiri. A rubuta tsarin kariya tare da shi tun yana cikin natsuwa: alamomin da ke nuna abin zai taso, wanda zai kira, da asibitin da zai nufa ko da tsakar dare ne. Rashin barci da shaye-shaye kuma su ma a yi maganinsu daban, don su ne kan tayar da abin da ya lafa. Ko an warke, a ci gaba da shan magani aƙalla wata shida, a kuma ci gaba da yin tambaya ta tara a kowace ganawa.