TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 11: Daren da muka jira gari ya waye a Kaura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri wancan satin ban turo ba, wallahi sau biyu ina ɗaukar waya in fara rubuta wannan kashin sai in aje, don wurin nan har yau in na tuno shi sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Mun tsaya a inda aka yi suna aka watse, 'yan Gusau suka koma, aka bar ni gidanmu a Kaura Namoda ina wankan jego a hannun Inna da Gwaggo.

Hunturu ne na gaske, irin na watan Janairu da hazo ke rufe gari har ba ka hango ƙarshen layinku. Ɗakin da nake an toshe taga da kwali, ƙofa da labule mai kauri, kaskon garwashi a tsakar ɗaki dare da rana, ga turaren wuta da ba ya yankewa a ɗakin maijego, ga hayaƙin icen da ake dafa ruwan wanka a bakin ƙofa safe da yamma. Duk don kada sanyi ya kama mu aka yi, ba wanda ya yi da wata manufa. Yaran gida kuma kowa da majinarsa, su shigo su ce sai sun ɗauki jinjiri, a miƙa musu.

Yana da kwana 16 ya fara atishawa, hanci ya toshe, sai ɗan tari siriri kamar na ɗan mage. Gwaggo ta ce mura ta, kowane jinjirin hunturu da ita yake tasowa, ta shafa mai man zafi a ƙirji ta ƙara mai hula. Washegari na lura in ya kama mama ba ya daɗewa, ya ɗan ja sau uku huɗu ya saki ya yi haki, ya sake kamawa ya sake saki. Da dare da na kwance mai riga zan canza nafkin sai na ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, kamar ana danna wurin da yatsa. Na gani da idona. Kuma na yi shiru.

Ga abin da ya hana ni magana, kuma shi ne dalilin da ya sa na dage sai na rubuta wannan kashin. Ɗan fari ne, sannan sunan surukina ya ci, ko sunansa ba na iya kamawa. Tun da aka haife shi in da manya a ɗakin ba na ɗaukarsa sai an miƙo min, in ya yi kuka sai in kau da kai kamar ban ji ba, haka na ga yayyena sun yi kuma haka ake yabon yarinya da kunya. To ta yaya zan buɗe baki gaban Gwaggo, wadda ta yi wa mata fiye da goma wanka a danginmu, in ce ni ban yarda mura ba ce? Sai a ce ji marar kunya, daga haihuwar jiya har ta san ciwon ɗa. Na kwana ido biyu ina sauraron nishinsa, wani ɗan "ih, ih" a ƙarshen kowane numfashi, ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, amma da gari ya waye aka tambaye ni ya kwanan jinjiri sai na ce lafiya lau.

Ran kwana na 18 ya daina kama mama gaba ɗaya. Gwaggo ta ce a kira wanzami, beli ne ya sauko ya tare mai wuya, a cire. Har an aika yaro, Allah Ya sa wanzamin ya tafi cin kasuwa ba a same shi ba. Bayan la'asar wata maƙwabciyarmu da ke aiki a asibitin sha-ka-tafi ta shigo barka, don ranar suna tana wurin aiki. Tana karɓarsa fuskarta ta canza. Ta buɗe mai ciki, ta fiddo waya ta sa agogo, ta ce kowa ya yi shiru. Minti ɗaya cur tana kallon cikinsa tana motsa baki, ta sake maimaitawa, sannan ta ce Inna, numfashinsa 74 a minti, jinjirin da bai kai wata biyu ba in ya kai 60 to alamar haɗari ce, balle ga ƙirji na shiga ga ba ya shan nono, wanga ba na wanzami ba ne kuma ba na kemis ba ne, ku tashi yanzu.

Asibitin da muka fara zuwa sun yi mai allura ɗaya suka ce oksijin yake buƙata, nasu kuma ba ya aiki, suka rubuta mana takarda zuwa Gusau. Kafin a gama wannan an kira magariba. Duk wanda ya san hanyar Kaura zuwa Gusau a shekarun nan ya san abin da nake nufi, tafiya ce da ba ta wuce ta awa ɗaya ba in lafiya, amma in rana ta faɗi ba direban da zai ɗauke ka saboda 'yan bindiga. Yayana ya zaga tasha, ya roƙi mutum uku, har ya ce zai ninka kuɗi, kowa ya ce mai sai da safe. Maigidana na ta kira daga Gusau yana cewa shi zai taho da mashin, Baba ya karɓi wayar ya ce mai kul, kada a yi biyu babu.

Daren nan ban san yadda zan kwatanta muku shi ba. A kan bencin asibitin muka kwana, nas ɗin dare ta ce in riƙe shi a jikina fata da fata in lulluɓe mu da zani, kansa ya ɗan ɗaga sama. Karon farko ke nan da na rungume shi haka gaban Inna, kuma ba ta ce komi ba, gyara min mayafi ma ta yi. Na koyi ƙirgar nan daga maƙwabciyarmu, sai na kama yi da agogon wayata, 70, 76, 72, in na ga ya ɗan yi shiru sai in girgiza shi a hankali har ya sake ja. Leɓensa ya fara yin duhu. Ana kiran assalatu Yaya ya zo da mota, amma direban ya ce sai haske ya fito sosai motoci sun fara wucewa, muka ƙara zaman kusan awa guda a cikin mota ina jin kamar in fita in kama gudu da ƙafa.

Muna isa Gusau ɗakin gaggawa na yara aka wuce da mu, maigidana na tsaye bakin ƙofa ya riga ya yanki kati. Wata nas ta maƙala mai wani ɗan abu mai jan haske a ƙafa, lamba ta fito 82, ta ɗaga murya ta kira likita. Daga baya na gane abin yana auna iskar da ke cikin jini ne, kuma duk abin da ya yi ƙasa da 90 sai an sa oksijin. Nan da nan aka zura mai 'yar roba mai baki biyu a hanci aka manne da filasta, aka zuƙe mai majina da wani siririn tiyo. Sai neman jijiya, hannu biyu aka gwada ba a samu ba sai a ƙafa aka sa kanula, kuma abin da ya fi tsorata ni duk sukar nan ko kukan kirki bai yi ba.

Likitan matashi ne, yana rubutu ya ce yaushe abin ya fara? Gwaggo ta ce jiya-jiyan nan ne likita. Ya ce yana shan nono? Ta ce yana ɗan taɓawa. Ni ina rakuɓe bayan Inna kaina a ƙasa, sai kawai na ji bakina ya buɗe na ce a'a likita, yau kwana huɗu da fara tari, shekaranjiya da dare ƙirjinsa ya fara shiga, tun jiya da safe bai sha komi ba, nafkin ɗaya kawai ya jiƙa, ɗana ne ni nake kwana da shi. Ɗakin ya yi tsit. Uwar mijina ta iso ke nan tana tsaye, ta ji komi. Likitan ya ce to ke za ki matso nan, ke nake son ji.

Limoniya ce, hoton ƙirji ya nuna ta a ɓangaren dama. Ya yi mana bayani cewa sau da yawa abin daga murar manya ko ta yara yake farawa, ƙwayar da za ta ba babba atishawar kwana uku ita ce in ta sauka huhun jinjiri sai hanyoyin iska su kumbura su cika da majina, su kuma ƙanana ne ƙwarai, sannan jinjiri da hanci ya fi yin numfashi shi ya sa in ya toshe ba ya iya haɗa tsotso da shan iska. Ya ce hayaƙin garwashi da turare a rufaffen ɗaki na ƙara wahalar da huhu, man zafi kuma ba na jarirai ba ne, a daina. Da Gwaggo ta kawo zancen beli ya ce Hajiya da an yanka da jini da ƙwayar cuta za a ƙara mai a kan wanda yake ciki. Aka fara mai allurai biyu ta kanula, ampicillin da gentamicin, na haddace sunayen don kullum maigidana na kan hanyar famasi da takarda.

Aka mayar da mu ɗakin jarirai. Tunda numfashinsa ya yi sauri da yawa aka hana ba shi mama kada ya shaƙe, sai ƙarin ruwa, kwana ɗaya bayan nan aka zura mai tiyo ta hanci har ciki. Duk bayan awa biyu zuwa uku in tatsa a kofi, nas ta ja da sirinji ta auna ta zuba mai a hankali. Farkon ko cokali biyu ban samu ba don tashin hankali ya ɗauke ruwan, ina tatsa ina kuka, wata maijego 'yar Bungudu da ke gadon kusa ta ce in riƙa kallon fuskarsa in ina yi kuma in sha kunu da zafinsa. Inna kuwa damuwarta wankana da ya tsaya, kullum sai ta aiko fulas na kunun kanwa daga gidan ƙanwarta a Tudun Wada tana cewa jikina ɗanye ne zan kumbura. Ni ko ta jikina ba na yi.

Dare na uku wuta ta ɗauke wajen ƙarfe biyu. Injin da ke ba shi oksijin da lantarki yake aiki, ina ji ya yi ƙara ya mutu, janareta kuma bai tashi da wuri ba. Cikin duhu da fitilar waya na ga lambar na sauka, 91, 88, 85. Nas ɗaya ce a ɗakin da jarirai da yawa, baiwar Allah nan ita kaɗai ta mirgino silinda mai tsayinta daga lungu tana haki, ni na riƙe mata fitila hannuna na rawa ta haɗa, ta raba wa jarirai biyu. Ban san sunanta ba har yau amma ba na sallah in manta da ita. Da safe likita ya ce in bai inganta ba nan da kwana ɗaya za su tura mu asibitin koyarwa na Sakkwato, na tuna tsawon hanyar nan ta Talata Mafara da yaro a kan oksijin, na shiga banɗaki na yi kuka mai isata. A ranar ce kuma jinjirar 'yar Bungudu ta koma, da azahar, ita da ta koya min tatsa. Ta naɗe kayanta ta zo ta dafa ni ta ce Allah Ya tashi naki.

Kwana na biyar na ƙirga da asuba na samu 58, ban yarda ba na sake, 56. Aka fara rage oksijin kaɗan-kaɗan, a cire na ɗan lokaci a duba lamba a mayar. Ran na shida likita ya ce a gwada shi da mama. Uwar mijina na zaune a kujerar gefe, na ɗan tsaya ina jiran ta fita kamar yadda aka saba, sai ta tashi da kanta ta ɗauko shi da wayoyinsa da komi ta ɗora min a cinya ta ce ba shi, ɗiyata, ba shi. Ya lalubo ya kama, ya ja, ya ja, bai saki ba, ina jin ƙarar haɗiyarsa.

Sai da muka cika kwana 10 aka gama allurai aka sallame mu, da gargaɗin kada mu kuskura mu tsallake rigakafin sati 6, da na 10 da na 14, don a ciki akwai ta limoniya. A bakin get ɗin asibitin kuma wata sabuwa ta taso, Gwaggo ta ce Kaura za a koma a ƙarasa arba'in, maigidana ya ce ɗansa ba zai sake kwana inda sai an jira gari ya waye kafin a kai shi asibiti ba, Baba kuma yana kan waya yana jiran a gaya mai me aka yanke. Nan zan tsaya, sai sati mai zuwa in Allah Ya kai mu.