Fara ce ta koya min aikin serotonin

Ina aji biyu a karatun haɗa magunguna, in aka tambaye ni mene ne serotonin sai in amsa da gadara: sinadarin farin ciki ne. A Facebook na tsinto, na haddace. Ranar da na faɗi haka a aji, malaminmu ya sauke tabarau ya ce, "Ashe ke nan hanjinka ya fi kanka farin ciki?" Aji ya kwashe da dariya. Gaskiya ya faɗa. Serotonin sinadari ne da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi, amma kusan kashi 90 cikin ɗari na wanda ke jiki a hanji yake, can ma ɗan Italiya Vittorio Erspamer ya fara gano shi a shekarun 1930. Sai a 1953 Betty Twarog ta nuna akwai shi a ƙwaƙwalwa. Na hanjin kuma ba ya tsallakawa can, ƙwaƙwalwa ke ƙera nata a gindinta ta rarraba.

Amma fara ce ta wayar min da kai. Eh, dangin wadda ake soyawa da yaji muna saya a Tudun Wada. Farar hamada hali biyu gare ta. In ita kaɗai ce, gudun 'yan'uwanta take yi. In ciyawa ta ƙare suka cunkushe wuri guda, ƙafafun baya na gogar juna, cikin kamar awa biyu sai ta koma binsu ido rufe. A 2009 masu bincike na jami'o'in Oxford da Cambridge suka nuna serotonin na ninkawa kusan sau uku a jijiyoyinta a daidai lokacin, da suka toshe aikinsa kuwa ta ƙi shiga taro. Ka duba fa: idon nata na jiya ne, 'yar'uwar da ke gabanta ma ta jiya ce. Jiya abin gudu, yau abin bi. Daga nan rundunar da ke lashe gonar gero ke tashi.

Mutum ba fara ba ne, na sani. Sai dai Catherine Harmer ta Oxford ta ba lafiyayyun mutane citalopram na mako guda, maganin da ke hana jijiya saurin tsotse serotonin, ta nuna musu hotunan fuskoki. Sai ga shi ba sa saurin hango fushi da tsoro a fuskokin kamar waɗanda ba su sha ba.

Na ga wannan da idona lokacin da nake koyon aiki a wani kantin magani a Barnawa. Wata dattijuwa ta shigo da kwalin fluoxetine na ɗanta, maganin ciwon damuwa dangin citalopram, ta dire shi kan kanta.

"Ɗan nan, kwana goma ke nan, shiru. Har yanzu a ɗaki yake wuni."

"Mama, ba abin da ya canza ko ɗaya?"

Ta yi jim. "To, ya dai daina cewa ƙannensa harararsa suke yi."

Na ce mata wannan ba ƙaramin abu ba ne, sauƙin zuciyar kan ɗauki makonni, kada ya tsaya da sha sai da sanin likitansa. Sannan na yi tambayar da nake jin nauyinta: ko yana taɓa tiramol? Shi ma yana tara serotonin, haɗa su biyun kan jawo zazzaɓi, gumi, karkarwa da ruɗewa, har ta kai ga gadon asibiti.

Ba ta amsa ba. Ta gyara mayafi, ta mai da kwalin cikin jaka, ta ce za ta laluba aljihun wandonsa kafin ya tashi daga barci.