Daga Biyana Zuwa Landan, A Bin Sawun Wata Doguwar Kujera

Na tafi Biyana, babban birnin Ostiriya, domin in ga gidan da Sigmund Freud, likitan da ya kafa hanyar nazarin zuciya ta sauraron marar lafiya, ya zauna kuma ya riƙa karɓar marasa lafiya daga 1891 zuwa 1938, saboda na daɗe ina ganin masu sharhi kan zane-zane da ƙirar kayayyaki suna kafa hujja da sunansa. Ra'ayin nasa, a taƙaice, shi ne mutum ba ya da cikakken iko da zuciyarsa. Akwai sha'awa da tsoro da abubuwan ƙuruciya da aka danne amma ba su mutu ba, sai su riƙa ɓullowa ta mafarki, ta suɓutar baki, da ta abin da hannu ya zana ko ya ƙera. Ina so in gani da idona ko wurin da wannan ra'ayi ya tsiro yana da abin da zai ƙara a kan abin da aka rubuta.

Gidan yana lamba 19 a titin Berggasse, titi mai gangara a gunduma ta tara, kuma daga waje ba abin da ya bambanta shi da benayen da ke kewaye. An mayar da shi gidan tarihi a 1971, aka sake gyara shi a 2020. Na hau matakalar da marasa lafiya suka riƙa hawa, na shiga ɗakin jira, inda kujerun asali suke domin 'yarsa Anna ta dawo da su, sannan na wuce ɗakin ganin likita, na tarar da shi wayam. Doguwar kujerar da duniya ta sani, wadda marasa lafiya ke kwanciya a kai, ba ta nan. Freud ya tafi da ita lokacin da ya gudu a watan Yuni na 1938, bayan Jamus ta Hitler ta haɗe Ostiriya, kuma masu gyaran gidan sun ƙi ajiye kwaikwayonta, sun bar gurbin yadda yake. Abin da ke nuna yadda ɗakin yake a da shi ne hotunan da Edmund Engelman ya ɗauka makonni kaɗan kafin tafiyar.

Na daɗe a tsaye ina kallon masu ziyara fiye da yadda na kalli bango. Kowa sai ya zo ya tsaya gaban wurin da babu komai, ya yi shiru, ya zuba ido. Wani yana murmushi, wata ta kama baki kamar an ba ta labarin rasuwa. A raina na ce wanda ya yanke shawarar barin wurin haka ya fahimci Freud ƙwarai, domin fili ne guda amma kowane mai kallo ya cika shi da abin da ya zo da shi a zuciyarsa. Kuma gurbin ba wasan basira ba ne kawai: 'yan'uwan Freud mata huɗu da suka rage a ƙasar sun mutu a hannun 'yan Nazi.

Daga nan na nufi gidan zane na Leopold, inda aka tara ayyukan Egon Schiele masu yawa. Schiele ya rasu a 1918 yana da shekara 28, amma ya bar hotunan kansa da suka ishi mai dogon rai: jiki a ƙanjame, yatsu a karkace, ido yana hararar mai kallo. Ba kamanninsa yake zanawa ba, yadda yake jin kansa daga ciki yake zanawa. A dandalin Michaelerplatz kuma na ga ginin da mai tsara gine-gine Adolf Loos ya tsara, wanda aka yi wa ca a kai tun 1910 saboda benayensa na sama ba su da ko ɗigon ado, har mutanen gari suka riƙa ce masa gida marar gira. Loos ya ɗauki yawan ado a matsayin alamar rashin wayewa, amma ya lulluɓe ƙasan ginin da koren marmara, cikinsa kuwa ya sha katako mai tsada. Ko ba a karanta Freud ba, za a ga cewa adon da aka kora daga sama ya sami wata ƙofar ya dawo. Sai dai shi Freud ɗin bai damu da waɗannan 'yan zamani na garinsu ba. Ransa yana wajen gumakan Masar da Girka da Rum.

Na bar Biyana a jirgin ƙasa, na bi ta Faris kamar yadda Freud ya bi, na isa Landan. Gidan yana lamba 20 a Maresfield Gardens, unguwar Hampstead, ginin jan bulo ne a titi marar hayaniya. A nan ya rasu a watan Satumba na 1939, Anna ta ci gaba da zama har ta rasu a 1982, aka buɗe shi ga jama'a a 1986. Idan ɗakin Biyana ya yi wayam, wannan ya cika har ya batse. Tsofaffin gumaka da tukwane wajen dubu biyu suna cikin gidan, wasu a jere bisa teburin rubutu suna fuskantar mazauninsa. Ga kuma kujerar, gajera fiye da yadda hoto ke nunawa, an rufe ta da dardumar Iran mai ja da shuɗi, an tara matasai a wajen kai. Kyauta ce da wata marar lafiya ta ba shi wajen 1890.

A nan ne na ga abin da na zo nema, kuma ba a cikin wani zane yake ba, a tsarin ɗakin yake. Marar lafiya yana kwance yana kallon sama, likita yana zaune a wata kujera ta bayan kansa, inda ba a ganinsa. Freud da kansa ya rubuta cewa ba ya iya jure a zuba masa ido sa'a takwas a rana, amma tsarin ya haifar da abin da ya wuce hutun likita. Mutumin da ba ya ganin fuskar mai sauraronsa ba ya iya auna maganarsa da ita, sai ya fara ƙirƙiro fuskar da kansa, ya ɗora mata fushin uba ko tausayin uwa, kuma wannan ɗorawar ita ce abin da ake nazari. Kujeru biyu da kusurwar da ke tsakaninsu sun canza irin maganar da bakin mutum zai iya furtawa. Duk mai tsara ɗaki ko kujera ko fuskar manhaja ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Kujerar teburinsa ma darasi ce: Felix Augenfeld ya ƙera ta a 1930 daidai da ɗabi'ar Freud ta rataya ƙafa ɗaya bisa hannun kujera idan yana karatu, har ta fito da siffa mai kama da mutum ya buɗe hannuwa.

Inda ban yarda da shi ba shi ne inda ya mayar da mai zanen da ya mutu marar lafiyarsa. A 1910 ya yi ƙoƙarin fassara rayuwar Leonardo da Vinci da murmushin matan da ya zana daga wani tunanin ƙuruciya guda da Leonardo ya rubuta. Wanda ke kabari ba ya musu, ba ya gyara zance, alhali musun marar lafiya da gyaransa su ne ginshiƙin aikin a kan kujera. Irin wannan sharhi, wanda har yau ake yi, ya fi bayyana zuciyar mai sharhin.

Na ƙarasa da tattaki zuwa Elsworthy Road, inda Freud ya fara sauka kafin ya koma Hampstead. A can ne marubuci Stefan Zweig ya kai masa mai zane Salvador Dalí a watan Yuli na 1938, ɗauke da zanensa na Narsisas, saurayin tatsuniyar Girka da ya kamu da son inuwarsa a ruwa, zanen da yanzu yake hannun gidan Tate. Masu zane da marubuta 'yan tafiyar Surrealism, wadda Dalí ya shiga daga baya, sun ɗauki Freud uban tafiyarsu tun 1924, shi kuwa kallon tabaɓɓu yake yi musu. Washegari Freud ya rubuta wa Zweig cewa wannan saurayi ɗan Sifen, da ƙwarewar hannunsa, ya sa shi sake lissafi a kansu.