Allurar mutanen Sin da ciwon bayana

Jama'a, yau na yi abin da na rantse ba zan yi ba. Kwana tara ina yawon saro kaya a Guangzhou, bayana ya riƙe, ko ruku'u da ƙyar nake yi. Abokin tafiyata ya ja ni wani asibitin maganin gargajiya kusa da unguwar Xiaobei.

Likitar dattijuwa ce. Ta ce in fito da harshe, ta duba, ta ɗora yatsu uku a wuyan hannuna na dama, ta koma na hagu, ta daɗe shiru. Ni da nake gudun allurar zazzaɓi, sai ga ni a kife ana jera mini allurai goma sha biyu, sirara kamar gashi, babu magani a cikinsu. Har a bayan gwiwa ta soka. Ba zafi, wani nauyi ne kawai ke tsargawa a jijiya. Minti 20, har gyangyaɗi na yi.

Da ta ɗauko kofunan gilashi ta zura wuta ta kifa mini a baya, dariya ta kama ni. Ai ƙahon wanzaminmu ne, sai dai ita ba ta yi tsaga ba.

Na daina raina magungunan gargajiyar mutanen Sin tun da na ji cewa maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha, daga wani ganye ɗan'uwan tazargade wata masaniyar kimiyya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ta samo shi, har ta ci kyautar Nobel a 2015.

Ban ce na warke ba, amma la'asar a tsaye na yi ta. Jiƙon da likitar ta haɗo ni da shi kuwa ya fi maɗaci ɗaci, yana nan a jaka.